Aljabara a wajen haɗa abincin kaji da sa farashi

Abin da aljabara ke koyarwa shi ne komawa baya: ka san inda kake so ka kai, kana neman adadin da zai kai ka can. Sunan ma daga kalmar Larabci al-jabr ya fito, daga littafin da al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma babban kaso na littafin a kan rabon gado da wasiyya yake. Tun asali don aiki aka yi ta.

A ɗauki mai kiwon kaji da ke haɗa abinci da kansa. Masara tana da furotin kusan kashi 9 cikin 100, garin waken suya da aka tatse mansa kuma kusan kashi 44. Yana son kilo 100 mai furotin kashi 20. Sai ya kira nauyin masara x, waken suya ya zama 100 ban da x. Lissafin shi ne 9x + 44(100 − x) = 2000, wato furotin kashi 20 sau kilo 100. In aka warware, masara kilo 68.6 ce, waken suya 31.4.

Nan ne ake yawan tuntuɓe. Gishiri, garin ƙashi da firimis (haɗin bitamin da ma'adanai da ake sa wa abincin kaji) ba su da wani furotin na a zo a gani, amma suna cin wuri a buhu. In sun kai kilo 5, masara da waken suya kilo 95 kawai za su raba, furotin ɗin da ake nema kuwa bai ragu ba. Sai lissafin ya koma 9x + 44(95 − x) = 2000, masara ta sauka zuwa kilo 62.3, waken suya ya hau 32.7. Wanda ya zuba waɗannan kilo 5 a kan haɗin farko, abincinsa zai tsaya a kashi 19, ya ga kaji ba sa yin nauyi yadda ya zata, ya ɗora wa mai ƙyanƙyasa laifi. Kuma in waken suya mai mansa ne, furotin ɗinsa bai kai 44 ba, dole a canza lambar. Ɗanye ma sai an soya shi kafin a niƙa.

A kasuwa kuskuren ya fi ɓuya. Ɗan kasuwa ya sayi kaya naira 50,000, ya ɗora kashi 20, ya zama 60,000. Mai saye ya matsa, aka rage masa kashi 20, ana zaton an koma uwar kuɗi. Ina! An sauka 48,000, domin ragin daga 60,000 aka cire shi. Mai son 60,000 ta shigo hannunsa bayan ragin kashi 10, sai ya rubuta 0.9x = 60,000, ya sa farashi 66,667. Mai sa 66,000 da ka, 59,400 zai karɓa, kuma kaya goma irin haka naira 6,000 ce ta salwanta.