Tarihin Rayuwata Kashi na 17: Baƙar Giyar Landan

Toh jama'a barkanmu da wannan mako, mun tsaya a inda na samu aikin dare a gidan kula da tsofaffi. 'Yan uwana Musulmi ku yi haƙuri da kashin yau, na san abin haramun ne a wajenku, ni Kirista ne kuma jikan mai dafa burkutu, tarihina nake bayarwa ba talla nake ba.

Albashina na farko na shiga Kawu ya ce in shirya ranar Asabar za mu Chiswick, can bakin kogin Tems inda ake dafa giyar Fuller's. Watan Nuwamba ne, ƙarfe huɗu da rabi gari ya yi duhu ga iska mai shiga ƙashi, muka faɗa wata tsohuwar mashaya ya ce a ba mu London Porter kofi biyu, irin babban kofinsu na fayint ɗin nan da ya ɗan wuce rabin lita.

Da aka ajiye na ce "Kawu ai wannan Guinness ce." Ya yi dariya ya ce "yaro kenan, ɗaga ta saitin fitila." Na ɗaga, ashe ba baƙa wuluk ba ce, akwai ja-ja mai duhu a gefen kofin, kumfar kuma ruwan ƙasa-ƙasa ce siririya, bata jima ba ta kwanta ta bar zobe. Ƙamshin ne ya fara kama ni, sak ƙanzon tuwon dawa idan an bar tukunya kan garwashi, sai kofi da cakulan daga baya. Kurɓar farko zaƙi-zaƙi ne ya fara zuwa, kafin in haɗiye ɗacin gashi ya biyo, ya zauna a bayan harshe ya ƙi tafiya amma baya kartar maƙogwaro, kuma gas ɗinta kaɗan ne, ba ruwanka da gyatsa. Abin da ya dame ni da farko bata yi sanyi sosai ba, mu da muka saba sai kwalba tana raɓa, Kawu ya ce da gangan ne, sanyi da yawa kashe ɗanɗanon yake, kuma da gaskiyarsa dan rabin ƙarshe ya fi na farko daɗi nesa ba kusa ba.

Ni a zatona duk baƙar giya mai ƙarfi ce, ai Guinness ɗin gida barasarta kashi 7.5 cikin ɗari ce, wannan kuwa 5.4 ce kawai. Baƙin daga gashi yake zuwa, tsiron sha'ir ake gasawa har ya yi duhu. Nan fa labari ya zo gidana, dan kakata haka take jiƙa dawa ta bar ta ta tsira ta shanya ta kai niƙa, sai dai ita bata gasawa, shi ya sa burkutu tsami ke gaba, ita wannan ɗaci da ƙauri.

Kawu idan ya sha rabin kofi malamin tarihi yake komawa. Ya ce tun wajen 1720 ake shan irin wannan giya da ake kira porter a Landan, 'yan dako da masu sauke kaya a bakin kogi su suka fi shanta, sannan a 1817 wani Daniel Wheeler ya ƙera gangar gasa tsiron ba tare da ya zama gawayi ba, daga nan ta ƙara baƙi. Arthur Guinness da ya kama wurinsa a Dublin a 1759 ma daga baya ya koma dafa irinta, mai ƙarfin cikinsu ce ta zama stout, wato irin Guinness ɗin da muka sani, ita ce aka zo aka kafa wa masana'anta a Ikeja a 1962, ta gida ma da dawa ake haɗa ta tun da gwamnati ta hana shigo da sha'ir wajen ƙarshen shekarun 1980.

Hukuncina dai, ta fi ta gida laushi da ƙamshi, ta gida ta fi ta kauri da ƙarfi. Giyar hunturu ce, a zafin Afrilu na Kafanchan ko kyauta ba zan karɓa ba, kuma kofi ɗaya ya ishe ni dan ɗacin taruwa yake a baki.

A jirgin ƙasa muna komawa ne Kawu ya ce akwai maganar da Mama ta kira shi a kai game da auren ƙanwata, wai kar a gaya min sai na samu aiki. Wannan sai mako mai zuwa.