Saƙon Godiya Bayan Kammala Karatuna a Jami'ar Augsburg

Ina gaishe da iyayena da 'yan'uwa da abokan arziki na gida da na waje, tare da fatan wannan saƙo zai same ku cikin ƙoshin lafiya. Da yardar Allah, a watan Mayun da ya wuce na karɓi shaidar digirina na farko a fannin kimiyyar sinadarai daga Jami'ar Augsburg da ke birnin Minneapolis, a jihar Minnesota ta Amurka. Saƙonnin taya murna sun yi yawa har ba zan iya amsa su ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na ga ya dace in yi godiya a bainar jama'a, musamman ga waɗanda suka tsaya mini a lokacin da karatun ya kusa gagara.

Da yawa daga cikinku sun tambaye ni wace irin makaranta ce wannan da ba a jin sunanta a gida. Ƙaramar jami'a ce mai ɗalibai wajen dubu uku, wadda 'yan Lutheran da suka yi ƙaura daga Norway suka kafa a 1869 a jihar Wisconsin domin horar da fastoci, kafin a dawo da ita Minneapolis a 1872. Ta samo sunanta daga takardar shaidar bangaskiya da aka gabatar a birnin Augsburg na Jamus a 1530. Ni da na taso a Numan, inda likitan nan ɗan Denmark, Niels Bronnum, ya fara aikin bishara a 1913, ban je can a matsayin baƙuwa gaba ɗaya ba, domin akwai daɗaɗɗen zumunci tsakanin ikkilisiyarmu ta Lutheran ta Najeriya, wato LCCN, da majami'un Lutheran na yankin Minneapolis, kuma Akbishop Musa Panti Filibus kansa ya yi karatu a makarantar tauhidi ta Luther da ke St. Paul, birnin da ke maƙwabtaka da Minneapolis.

Jarrabawar rayuwa ta zo ne a ƙarshen shekarata ta biyu. A watan Yunin 2023 aka sake wa naira mara a kasuwar canji, dalar da ake samu a kan naira 460 ko kusa da haka a farashin gwamnati ta yi ta hawa, har zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Tallafin da jami'a ke ba ni yana ɗauke kaso mai tsoka na kuɗin makaranta, amma ragowar da na ɗaki da abinci daga gida suke zuwa, sai ga shi abin da Mama ta tanada domin shekara guda bai kai ya biya zango ɗaya ba. Dokar bizar ɗalibai kuwa ba ta yarda a yi aiki fiye da awa 20 a mako ba muddin ana karatu, a cikin harabar makaranta kawai, kuma ba ta yarda a rage darussa ƙasa da adadin da aka ƙayyade ba, duk sai dai da izini na musamman. Babu gaba, babu baya.

Mama, ke ce farkon wadda zan ambata. Kin sayar da filin da marigayi Baba ya bar miki ba tare da kin gaya mini ba, sai daga bakin Goggo na ji, kuma duk lokacin da na kira ki kina cewa komai lafiya, in mai da hankali kan littafi. Allah ya ja da ranki ki ci moriyar wannan wahala. Kawu, shanun da ka fitar kasuwa ana tsakiyar damina, lokacin da mai hankali ba ya rabuwa da shanun huɗa, ba zan manta da su ba. Iyayena na Zumuntar Mata, kun juya kwasar adashinku kuka ba Mama tun layinta bai zo ba, kuka kuma sa sunana cikin addu'arku ta kowane mako. Na gode, Allah ya saka muku da alheri.

A can makaranta, ƙanƙantar wurin ce ta cece ni. Ajinmu na manyan darussa ba ya wuce mutum ashirin, kuma farfesa da kanta take koyarwa, ita take duba rahoton gwaji, saboda haka ba a ɓoye mata damuwa. Wata rana bayan an tashi daga ɗakin gwaji, ina wanke kwalaben awo a bakin famfo, malamar da ke kula da karatuna ta jawo kujera ta zauna, ta ce ta lura rahotannina sun fara zuwa a makare alhali ba halina ba ne. Na yi ƙoƙarin kawar da zancen kamar yadda aka tarbiyyantar da mu, ta yi shiru tana jira har na faɗi gaskiya. Washegari da ƙafarta ta raka ni ofishin tallafin kuɗi da na kula da ɗaliban ƙasashen waje, aka tsara mini biya kaɗan-kaɗan, daga baya kuma ta ɗauke ni aikin bincike na hutun bazara wanda ake biya. Har na gama ban iya kiran ta da sunanta tsagwaron ba kamar yadda 'yan ajinmu ke yi, bakina ya ƙi, ita ma ta haƙura da “Farfesa”.

Ina kuma godiya ga malaman sashen addini. Kowane ɗalibi, ko me yake karanta, dole ya ɗauki darasin addini, kuma a gini ɗaya suke da kimiyya da kasuwanci, wato Cibiyar Hagfors da aka buɗe a 2018. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne ga wadda ta taso a makarantar Lahadi, amma a ajin nan na zauna da Musulmi da Yahudawa da waɗanda ba sa bin kowane addini, aka sa kowa ya rubuta waɗanda aikin da yake nema zai amfana. Koyarwar Martin Luther, wanda ɗarikar Lutheran ta samo suna daga gare shi, ce cewa kowace sana'a ta halal hidima ce ga maƙwabci. A nan na yanke shawarar bin hanyar binciken zazzaɓin cizon sauro, da ma ana yawan ba mu labarin Peter Agre, tsohon ɗalibin makarantar da ya ci kyautar Nobel ta sinadarai a 2003, wanda daga baya ya jagoranci cibiyar binciken wannan cuta a Jami'ar Johns Hopkins.

Maƙwabtanmu 'yan Somaliya na unguwar Cedar-Riverside ma suna da haƙƙi a kaina. A shagunansu nake sayen naman akuya da kuɓewa, kuma wata dattijuwa mai sayar da shayi takan ƙara mini sambusa ba tare da ta karɓi ko sisi ba, tun daga ranar da ta ga ina lissafin canji a tafin hannu. Idan na fito zan hau jirgin cikin gari na ji kiran salla daga masallacin Dar Al-Hijrah, sai in ji tamkar ina Jimeta, ko da kuwa ƙanƙara ta kai gwiwa. Iyalin da suka riƙe ni daga majami'ar da nake sujada, ku kuka saya mini rigar sanyi ta gaske a Janairun farko, kuka riƙa ɗaukata hutun Kirsimeti idan ɗakunan kwana sun zama wayam, kuka kuma ci tuwon da na tuƙa da garin masara ba tare da ƙorafi ba duk da yajin da ke cikin miyar. Abokaina na ƙungiyar mawaƙa da ɗaliban da ke kula da ɗakin abincin da mabuƙata ke ɗauka kyauta, ku ma na gode.

Ina shirin dawowa gida domin bautar ƙasa kafin in nemi digiri na biyu. Za mu yi sujadar godiya a majami'armu da ke Numan, kuma da zarar mun tsayar da rana tare da fasto da dattawa zan sanar a nan. Ina gayyatar kowa da kowa, Kirista da Musulmi, za a ci abinci a gidan Mama bayan an tashi.