Mako na 23: yashin tankina ya daskare

'Yan'uwa masu koyon kiwon murjani mai rai a tankin ruwan gishiri, assalamu alaikum. Makon nan ban ƙara ko reshen murjani ɗaya a tankin ba, gyara kawai na sha.

Ranar Asabar na zura hannu zan gyara wani dutse da ya karkace, sai na ji yashin kusurwar dama ya yi tauri kamar an kwaɓa shi da siminti. Na ɓanɓaro wani guntu mai girman ƙwallon mangwaro, na murza shi tsakanin yatsu, ko gezau. A ƙarƙashinsa yashin ya yi baƙi, wari ya bugo ni irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan warin na nufin ruwa ya daina ratsa wurin, iska ta ƙare, guba ta taru.

Laifina ne. Makonni uku da suka wuce na auna alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na kashe tsami, wanda ake aunawa da ma'aunin dKH, na ga 6.4 dKH, ya yi ƙasa, hankalina ya tashi. Na gasa sodar yin burodi (baking soda) a obin, na narkar, na riƙa antaya shi kowace safiya gaba ɗaya, kuma a kusurwa guda, inda ruwa ba ya motsi sosai. Shi gasasshen soda yana ɗaga pH (ma'aunin tsamin ruwa) na wurin da ya sauka nan take. Yashin tankin nawa kuwa, aragonait, shi kansa kalsiyam kabonet ne, don haka sinadarin da na zuba ya haɗu da kalsiyam na ruwan ya kwanta a kan ƙwayoyin yashin, ya liƙe su. Ga ma farin ɓawo a jikin famfo tun tuni, na ɗauka datti ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne magniziyam. Kwalbar gwajinsa tana cikin durowa, ko buɗe ta ban taɓa yi ba, saboda gwajin na ɗigo-ɗigo ne, yana cin lokaci. Da na auna sai ga miligiram 1,080 a kowace lita, alhali na ruwan teku yana kusa da 1,300. Magniziyam ne ke hana kalsiyam da kabonet saurin haɗewa su zama dutse. In ya yi ƙasa, zuba soda kamar ɗibar ruwa ne da kwando: ka auna alkaliniti yau ka ga 9, jibi ya koma 7, sauran yana can cikin yashi.

Da na bi diddigi, gishirin ma bai cika ba. Na'urar awon gishirin ta kauce, tana nuna min 1.026 alhali ruwan yana 1.023. Na daidaita ta da ruwan gwaji mai gishiri kashi 35 cikin 1,000.

Yanzu ga inda nake. Na dakatar da soda kwana biyu. Magniziyam ina ɗaga shi a hankali, ba ya wuce 100 a rana, yau yana 1,240. Alkalinitin kuma ban bari ya motsa fiye da dKH 1 a yini, ina ɗiga shi kaɗan-kaɗan a bakin famfon da ke dawo da ruwa.

Yashin ne aikin haƙuri. Ban yarda in tone shi duka lokaci guda ba, kada in saki gubar nan a kan kifaye. Da tiyo nake zuƙe rubu'insa duk ranar canjin ruwa, kai tsaye cikin bokiti, ina so in bar shi kada kaurinsa ya wuce santimita 3. Bokitin farko sai da uwargida ta ce in fita da shi waje.

Asabar mai zuwa zan taɓa ɓangaren da ke ƙarƙashin babban dutsen, wanda ya fi ba ni tsoro, don sai na ɗaga dutsen da murjani biyu a kansa.