Majigin kwali a Aboabo

Kwana uku ke nan da dawowata Kano daga Kumasi. Doguwar hanyar Legas, Kwatano da Lome ba ta da wani labari, in ban da jami'in da ya riƙe fasfona kusan awa guda a wata kan iyaka, yana daka mini tsawa kamar yaron gidansa.

Mai masaukina a unguwar Aboabo dattijo ne wanda kakanninsa suka zo fataucin goro. Da ya ji ina koyar da fiziks a sakandare, sai ya ce: "Malam, jikokina sun haɗa majigi da kwali da wayar hannu, amma hoton ya ƙi fita. Don Allah ka duba musu." Na ce: "Baba, an gama."

Gilashinsu ya karce ƙwarai, don haka washegari muka shiga kasuwar Kejetia neman gilashin ƙara girman rubutu. Na saba da cunkoson Sabon Gari, amma Kejetia ta shafe ta. Mai kayan ya faɗi kuɗi da tsada, da muka koma ciniki da Hausa ya sallama a kusan rabi, kuma ko a hakan, idan na juya sidi, kuɗin Gana, zuwa naira, na ga ya fi na gida tsada.

Da azahar muka tara hasken rana da gilashin a kan takarda har ya zama ɗigo, muka auna tazarar da ke tsakanin gilashin da takardar, ta ba mu santimita 20. Wannan ita ce f. Na rubuta musu ƙa'idar siririn gilashi, 1/f = 1/u + 1/v, inda u take nufin tazarar waya daga gilashi, v kuma tazarar bango. Bangon zauren yana santimita 200 daga bakin kwalin, inda gilashin yake, saboda haka 1/u ya zama 1/20 a cire 1/200, wato 9/200, u kuwa ta kama santimita 22.2. Su yaran a santimita 15 suka ajiye wayar, ƙasa da f, wurin da hoto ba zai taɓa sauka a bango ba. Wata jikarsa ce ta raba 200 da 22.2 ta gano hoton zai ninka sau 9, kuma bayan isha'i fuskar waya mai santimita 14 ta fito kusan santimita 126, a kife, sai da muka juya wayar kai ƙasa. Hasken ya yi rauni domin ya bazu a filin da ya ninka na wayar sau 81, dole muka rufe tagogi. Na ji takaicin shekarun da na yi ina koyar da wannan lissafi a allo kawai.

Na kwana biyu a Nima cikin Accra, na ci waakye, shinkafa da waken Gana, sannan na kamo hanya. Gilashi biyu na sayo wa ajina.