Yadda na shigar da haruffan harshen da na ƙirƙira cikin kwamfuta

Harshen da na ƙirƙira domin labarina yana da nasa haruffan, kuma muddin a takarda nake rubutawa, komai lafiya lau. Ranar da na so in buga shi a kwamfuta ne aiki ya tashi.

Da alƙalami mai faɗin baki na sake zana su, domin shi ke nuna inda layi zai yi kauri da inda zai sirance. Na ɗauki hoton shafin, na bi kan kowane harafi da hannu a Inkscape, manhajar zane, sannan na kwashe su zuwa FontForge, manhajar da ake haɗa zubin haruffa (font) da ita. Dukansu biyu kyauta ne. Manhaja tana iya bin layin da kanta, amma ɗigogin da ke riƙe da siffar layin barkatai take zuba su, gefen harafi ya fito a gantsare. Ɗigo kaɗan, a ƙololuwar kowace lanƙwasa, shi ke fitar da layi sumul.

Zane bai ci mini lokaci kamar tazara ba. Harafi shi kaɗai sai ka ga gwanin sha'awa, da ka jera shi cikin kalma sai wani ya manne wa ɗan'uwansa, wani ya ware can gefe. Masu tsayayyen layi suna son fili, masu zagaye suna son a matso da su. Har ma sai mai zagaye ya ɗan zarce layin da sauran suka tsaya a kai, in ba haka ba ido zai gan shi ƙarami, ko da awo ya ce tsawonsu ɗaya. Nan na koma yarda da ido fiye da lamba.

Sai batun gurbi, wato lambar da kwamfuta ke gane kowane harafi da ita. Hanya mai sauƙi ita ce ka ɗora harafinka a kan "a" ko "b" na boko, amma a wurin kwamfuta boko ka rubuta, riga kawai ka sauya masa. Ni Unicode na bi, tsarin da ke ba haruffan duniya lambobi, inda aka ware gurabe 6,400, daga U+E000 zuwa U+F8FF, domin amfanin kai. Kafin in zaɓa na duba ConScript, rajistar guraben ƙirƙirarrun haruffa da John Cowan ya kafa, shi da Michael Everson suka riƙa kula da ita, don kada in zauna a wurin wani: haruffan Tengwar da marubuci Tolkien ya ƙirƙira ne a farkon layin. Madannai kuma na shirya su da manhajar Keyman. Illar ita ce duk wanda bai da zubin haruffan nan 'yan akwatuna zai gani, irin yadda ƙ da ɗ ke fitowa a tsofaffin wayoyi, don haka PDF nake tura wa masu karatu.

Da na buga shafi guda da haruffan a ƙanƙance, sai biyu daga cikinsu suka ƙi rarrabuwa, ƙugiyar da ta bambanta su ta ɓace. Na ƙara wa ɗaya tsawon jela. Yanzu ko da alƙalami zan rubuta shi, da doguwar jelar hannuna ke fitar da shi.