\set ba ya tsallake fayil, ku sani

Jiya sai ƙarfe biyun dare na kwanta saboda abu ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani zai huta da wannan wahalar.

Ina haɗa wa wani shagon magani manhajar lissafin kaya ne, databes ɗin PostgreSQL ce a cikin Docker (manhajar da ke gudanar da wasu manhajoji a keɓe, kowace a kwantenarta). Duk wanda ya taɓa yi ya san fayilolin da ka zuba a /docker-entrypoint-initdb.d su ake karantawa a karon farko da aka tayar da kwantenar, bi da bi bisa jerin sunayensu. To ni a 01.sql na sa \set, umarnin ajiye bariyabul a psql (manhajar da ake ba PostgreSQL umarni da ita), don in ajiye sunan mai amfani, na zo 02.sql na kira shi, sai kuskure kawai yake fitowa wai bai san shi ba. Ashe kowane fayil ɗin .sql da psql ɗinsa daban ake buɗe masa, yana gamawa duk bariyabul ɗin da ke ciki sun tafi da shi, na biyun sabon zama ne, bai gaji komai ba. Haka ma @suna yake a MySQL, rayuwarsa iya zaman nan ne.

Abin da ya fitar da ni shi ne \getenv, umarnin psql mai ɗauko ƙima daga environment (bariyabul ɗin da ake ba kwantena lokacin tayar da ita), wanda ya shigo a PostgreSQL 15 a 2022. Ka sa ƙimar a environment na kwantenar, kowane fayil ya ɗauko da kansa, sai ka rubuta :'suna' in rubutu ne, :"suna" in sunan tebur ko na mai amfani ne. Akwai masu tura shi ta psql -v, yana aiki, amma ni ban yarda a tura kalmar sirri ta nan ba don mai duba ps (umarnin da ke nuna abubuwan da ke gudana a na'ura) zai iya hango ta, kuma bayanan marasa lafiya ba abin wasa ba ne.

Wani wurin da ya sake riƙe ni, psql ba ya musanya bariyabul a cikin DO $$ ... $$ (bulok ɗin umarni da PostgreSQL ke gudanarwa nan take), sai da na bi ta set_config sannan na karanto da current_setting a ciki.

In ka gyara sikirif ɗin kuma ka ga shiru, volume ɗin ne (ma'ajiyar bayanan databes ɗin a Docker), muddin akwai bayanai a ciki ba za a sake karanta fayilolin ba. Na gwaji nake gogewa in sake tayarwa, na shagon kam ban taɓa shi ba.