Tarihin Rayuwata, Kashi na 3: Aikin Diga Ne Ya Kawo Mu Sabon Gari

A makon jiya na faɗa muku a Sabon Garin Zariya aka yanke min cibiya, amma asalinmu mutanen ƙauye ne, can kudu da birni. Layin dogo ne ya raba kakana da gonar ubansa.

A 1907 Turawa suka fara shimfiɗa layin daga Baro, wani ɗan gari a bakin kogin Kwara, da nufin kai shi Kano. Sun zaɓi Baro ne don idan kogi ya cika, jirgin ruwa na iya hawowa da ƙarafa daga teku har can. Gwamnan Arewa na lokacin, Percy Girouard, da ma injiniyan reluwe ne, ya taɓa irin aikin a Sudan. Tafiyar ta ɗan haura mil 350, ta bi ta Minna, ta tsallake kogin Kaduna, ta ratsa ƙasar Zazzau, aka isa Kano a 1911.

Ba injin da ya haƙa wannan hanya, mutane ne. Bature ya faɗa wa sarki yawan leburorin da yake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su ɗora wa dagatai, dagaci kuwa ya bi gida-gida. Zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ne, wanda har waƙa ya rubuta a kan aikin digar. Da abin ya zo gidanmu, wan Kaka na da mata da goyo, sai aka miƙa Kaka, saurayi ko gemu bai fara ba.

Aikinsa ɗaukar ƙasa. Masu diga su sara, masu shebur su loda, su kuma su aza kwando a kan gammo, su hau tudun da ake tayarwa su juye, su sauko, tun hantsi har rana ta yi sanyi, helma na tsaye yana ƙirga. Inda kwari yake a cike shi, inda tudu yake a fasa shi, don jirgi ba ya son hawa da gangara. Kaka yakan tuɓe hula ya kama hannuna ya ɗora a tsakiyar kansa, ya ce, "Abokina, taɓa ka ji. Wannan sanƙon ba na tsufa ba ne, na kwandon Nasara ne." Kakata kuwa daga bakin murhu sai ta ce, "Maigidana, kada ka yarda, duk zuri'arsu haka kansu yake."

Ana biyansu, gaskiya ne, kuma da kuɗin ƙarfe, alhali mutanen ƙauye wuri suka saba da shi. Sai dai sulallan ba sa daɗewa a aljihu, domin da su ake biyan haraji. Shi ya sa in na ji ana cewa Turawa sun yi mana alheri da jirgin ƙasa, nakan ce a ƙarasa zancen. Auduga suke so ta isa masaƙun Ingila, har kamfanin audugar Ingila, BCGA, ya kafa injin gurzar auduga a nan Zariya. Manoman Kano dai suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, suka cika taragon da ita.

Da layin ya wuce, Kaka bai koma gida ba. An riga an fara wani, ɗan siriri, daga Zariya zuwa ƙasar kuza, wato yankin Jos. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, babban layin kuwa ƙafa 3 da inci 6, saboda haka taragon wannan ba ya hawa wancan. Dole a sauke kaya a Zariya a sake lodi. Nan Kaka ya samu abincinsa, ya zama ɗan dako a tasha. Layin ya kai Rahama a 1912, ya kai Bukuru a 1914. Layin Bauchi ake ce masa, amma bai taɓa taka garin Bauchi ba. Daga baya aka ja na uku ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929. Zariya ta zama mararraba, Yarbawa da Ibo da Nufawa suka cika Sabon Gari, akawu da makaniki da 'yan tireda, mu ma muna cikinsu.

Na riski ƙaramin jirgin nan ina yaro. In ya zo hawa, nishi yake kamar tsohon jaki, manya na cewa kana iya sauka ka kama ruwa ka cim masa. Tun 1927, da babban layi ya shiga Jos ta Kafanchan, kasuwarsa ta fara mutuwa, aka rufe shi a 1957. A kansa Baba yake aiki, kuma wannan rufewar ce ta sa aka cire ni daga makarantar boko ina aji uku. Yadda aka yi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.